Alheri Ya Ishe Mu

Kwana ukku Inna ba ta tashi ba, ni ko ina zaune bakin ƙohwa ina kallon hayaƙi can wajen Rabah. Ɗakin wasu aka ƙonewa. Shekarar agana ta, zamanin Nasara. In dubagari ya ishe mai agana cikin ɗaki, sai a ɗauke shi a kai rumhwar zana cikin daji, a sa ma ɗakin wuta. Ban taɓa ganin wanda yad dawo daga rumhwar ga ba. Shekarata bakwai, kuma ba ni da kowa duniya sai Inna.

Bari in hwaɗa muku yadda muke, ba ni ɓoyo. Inna kuturwa ta. Ta yi shekaru asibitin 'yan mishan, can Baba yar rasu, can tak karɓi Almasihu. Da tad dawo, dangi sunka ce kuturta guda ta isa, ba su ɗaukar ta biyu, wai addinin Nasara. Sai munka kahwa ɗaki bakin hwadama, kan hanyar Wurno, mu biyu rak.

Tana da magana guda. In hatsi ya ƙare, in yara sun jehe ni, sai ta ce, "Bari kuka, ɗiyata. Alherin Ubangiji ya ishe mu." Ita nuhinta ya wadace mu. Sai da nit tsuhwa, nik koyi karatu ajin mata, nig gane haka da kyau. Amma mu nan in an ce wane ya ishe ka, to ya zaka ya same ka inda kake. Ni dut zatona Alheri wani mutum na, bawan Ubangiji, mai zuwa ya ishe mutane. In ta hwaɗi sai in leƙa waje in ce, "Ina shi?" Ta yi ta dariya.

Yanzu ba dariya. Ƙurajen agana sun ruhe mata ido, leɓonta ya tsage, ɗaki na wari. Kahin hankalinta shi gushe ta kama hannuna da dungunta ta ce, "Kak ki hura wuta. Kak ki hita. Kas su sani." Ni ko nib bi. Ina jiƙa tsumma cikin randa ina matsa mata ga baki, har randa tak kai ga laka. Ina tamnar ɗanyen gero. Kowane motsi nij ji, sai in ce dubagari na. In nit taɓa ta ba ta motsa ba, sai in aza kunne ga ƙirjinta. Na yi kiran Alheri a hankali, don kada dubagari shi riga shi ji.

Rana ta huɗu, da hantsi, nij ji tahiya. Nil laɓe bayan randa, hitsari na bin ƙahwata.

"Ke kuturwa! Kin mutu?"

Muryar Bahillatar da ka kawo nono ta, daga rugga wajen Goronyo. Ba ta taɓa matsowa ɗakinmu ba. Akwai dutsi bakin hanya, nan Inna ka aje gero da ƙwaryarmu, ta ja baya, Bahillata ko ta zuba nono daga sama, kada ludayinta shi taɓa namu. Ko sannu ba su yi.

"Kwana ukku ba ƙwarya bisa dutsi, ba hayaƙi. Mi am matsala?"

Sai tad ɗaga asabari tash shigo. Ran nan nih hwara ganin huskarta kusa: dut zanen agana, awa an caccaka da tsinke. Ta dubi Inna, ta dube ni.

Nic ce, "Ke a Alheri?"

"Wa?"

"Alherin Ubangiji. Inna ta ce ya ishe mu."

"Ji ɗiyar banza. Ni na yi kama da alheri? Tashi ki canza zane, kin jiƙe."

Ta durƙusa, ta tada kan Inna bisa cinyarta, ta ɗebo nono da ludayinta, nata na kanta, ta ce bismillahi, ta sa ga bakin kuturwa. Ta ce ciwon ga ba shi kamun mutum sau biyu, shi ya riga ya ci rabonshi gare ta. Kullum tana zuwa da hantsi, ta koma kahin la'asar, tana zagi tana shara.

Bayan kwana biyu sai ga dubagari, shi da dogari. Na hango jar rigar dogari tun daga nesa. Nish shige ƙarƙashin gadon kara ina cewa Yesu, Yesu, ban iya wata addu'a ba. Sunka tsaya wajen dutsi.

"Masu gida! Akwai mai ciwo nan?"

Bahillata ta hita ta riƙe ƙugu. "Akwai ƙwarai, ranka shi daɗe. Gidan kuturwa na. Shigo ka duba, ga tabarmarta nan ka zamna."

Nij ji dogari ya tohwar da miyau. Sannan tahiyarsu tana nisa. Ciwon da yas sa dangi sunka yashe mu, shi yat tsare muna ƙohwa ran nan. Ku ƙwararru ku hwassara, ni dai abin da nig gani ke nan.

Ran kwana na goma Inna tab buɗe ido. Guda ya tahi, hwari hwat, guda na gani. Ta lalubo kaina ta ce, "Wa ka motsi cikin ɗakin ga?"

Nic ce, "Inna, Alheri ya ishe mu."

Bahillata na wanke ludayi bakin ƙohwa, ko waigowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ce mata mai nono ta. Kuma gobe ta hito da ƙwaryarta bisa dutsi, na gaji da duƙawa ƙohwar ga."