Busasshen Takalmin Direba

Katanga ɗaya ce tsakanina da Direba, ita ma gajeriya, in ya yi atishawa a ɗakinsa ni nake fara yi masa sannu. Ni tela ne, shagona na nan bakin ƙofa. Shi kuma shekara ashirin da biyu yana jan farar bas ɗin wani otal a nan babban birni. In an yi babban taro, mutane sun zo daga ƙasashe da kati rataye a wuya, sun gaji da zama da tafi, ranar ƙarshe sai a loda masa su ya kai su buɗe ido. Gidan kayan tarihi da safe, daga nan gidan zu, sannan a fita bayan gari zuwa mafaɗar ruwa, inda kogi ke zubowa daga kan dutse.

Mutum ne mai tsari har ya yi masa yawa. Bas yake fara wankewa kafin fuskarsa. Tsummansa biyu, na gilashi daban, na madubi daban, kada ka kuskura ka haɗa masa su. Ni nake ɗinka masa fararen rigunan aiki, da aljihu a hagu saboda biron da ban taɓa ganin ya yi rubutu da shi ba.

Duk ranar da ya dawo daga kai baƙi, sai ya zauna a kan benci ya cire baƙin takalminsa, ya ba matarsa labari. Ni Yaya nake ce mata. Ina jin su ta katanga, ba laɓe nake yi ba, katangar ce ba ta da sirri. Ya ce akwai takobi a gidan tarihi da sai ƙarti biyu suke ɗaga shi. Ya ce zakin gidan zu ya gane shi, da ya hango shi yake miƙewa. Mafaɗar ruwa kuwa, ya ce feshinta tun daga nesa yake jiƙa mutum sharkaf, kuma akwai wani faffaɗan dutse da yake zama a kai kullum. Yaya ta ce, "Ikon Allah! Wata rana dai sai ka kai ni." Ya ce, "Motar baƙi ce, Maman yara, ba tawa ba."

Sai ga ritaya ta zo. Manaja ya ce tunda tafiyar ƙarshe ce, ya ba shi kujera biyu, ya zo da iyalinsa. Yaya ta kawo min yadi a ranar.

Washegari sai ga Direba a shagona da riga, wai maɓalli ya cire. Da gani da hannu aka tsinke shi.

"Tela, rage ƙarar keken nan, magana zan yi."

"Keke ba rediyo ba ne, Direba. Faɗi."

"Ban taɓa ganinsu ba."

"Su wa?"

"Duka. Takobin, zakin, ruwan. Ban taɓa sauka daga mota ba."

Na ajiye almakashi don kada in yanke yatsa da dariya. Ashe satinsa na farko a aiki ya bi baƙi cikin gidan tarihi, bai wuce ƙofa ba aka kira shi, an kwance madubin bas an tafi da shi. Tun ranar ya rantse ba zai ƙara barin mota ita kaɗai ba. Labaran kuwa daga bakin baƙi yake tsinta in sun dawo suna surutu, jagoransu yana fassara, shi kuma ya ƙara gishiri a hanyar gida.

"To zakin da ya gane ka fa?"

"Gurnaninsa nake ji daga wurin ajiye motoci."

"Ai kuwa kun saba. Shi bai gan ka ba, kai ba ka gan shi ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara ashirin da biyu tana min kallon wanda ya ga duniya. Ta ba 'yan'uwanta labaran nan, ta ba jikoki. In ta ce nuna min dutsenka, ina zan nuna?" Kujera ta biyu ni ya ba, wai in riƙa ɗauke mata hankali.

Ranar tafiya Yaya ta zauna a bayansa cikin sabon ɗinki, ni kusa da wata likita mai ƙatuwar hula da ta ɗauki hoton komai, har tef ɗin awo da na manta a wuyana. A gidan tarihi Direba ya ce zai duba mai. Na shiga da Yaya, muka sami takobin, ni kaɗai ma zan ɗaga shi da hannun hagu. A gidan zu Direba ya ce taya ta yi sanyi. Zakin tsoho ne, yana barci, ƙuda na yawo a hancinsa. Yaya ta dube shi, ta gyara mayafi.

Da muka isa mafaɗar ruwa baƙi suka bi jagora zuwa matakala. Direba ya ɗauko tsumman madubi. Yaya ba ta motsa daga kujera ba.

"Maman yara, ki bi Tela mana, za su bar ku."

"Ba inda za ni. Na ga takobi da Tela, na ga zaki da Tela. Shi na aura?"

Na ce, "Yaya, ni ban ƙi ba."

"Rufe min baki, kai." Ta juya wurin mijinta. "Baban yara, ka ce ruwan nan yana jiƙa mutum tun daga nesa. Wa yake goge maka takalmi? Shekara ashirin da biyu ban taɓa ganin laka a jikinsa ba, ko ɗigo."

Direba ya tsaya da tsumma a hannu. Can ya ce, "Kin sani ke nan."

"Tun muna tsohon gida. Labarin yana min daɗi, shi ya sa na bar ka. Amma wannan tare za mu gan shi, ko mu koma gida ba wanda ya gani."

Ya dubi bas, ya dube ni. Na miƙa hannu. Ya daɗe kafin ya sakar min makulli, sai ka ce 'yarsa nake nema.

"Tela, madubi biyu ne. Na ƙirga."

Na zauna a kujerarsa ina jin rurin ruwa daga ƙasa. Wurin ajiye motocin ba laifi, akwai inuwa. Bayan kamar awa ɗaya suka hauro a hankali, yana riƙe da hannunta, farar rigar da na ɗinka ta manne masa a jiki, takalmin ya yi kaca-kaca da laka. Sai da ya zagaya ya taɓa madubin nan biyu kafin ya kalle ni.

Na ce, "To, yaya yake?"

Mutumin da ya shekara ashirin da biyu yana zuba, yau ya rasa ta cewa. Yaya ce ta amsa, "Akwai dutsen ma, faffaɗa. Mun zauna."

Takalmin na nan kan katangarmu, ya hana a goge shi. Ni kuwa har yau ban ga ruwan ba. Amma in masu kawo ɗinki suka tambaye ni, ina gaya musu feshinsa tun daga wurin ajiye motoci yake jiƙa mutum.