Farashin Baba Fensir

Baba Fensir kowa ke ce masa a layinmu na teloli, don kullum akwai fensir maƙale a bayan kunnensa. Kayan keken ɗinki yake sayarwa: allura, bel, man keke, da kwarkwaron da ake naɗa zaren ƙasa. Shagon ɗan mitsitsi ne, mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a kaikaice, amma kantocin cike suke da ƙananan kwalaye har rufi. Lokacin da ya buɗe, kekuna uku ne kacal a layin. Sanda na gama koyon ɗinki na kafa nawa, mun haura arba'in, kuma babu keken da bai sha magani a hannunsa ba.

Ba a ƙera ko allura ɗaya a ƙasarmu. Komai ta jirgin ruwa yake zuwa, wani dila ya sayo da dala, Baba ya sara a wurinsa. Ranar da kaya suka iso zai zauna ya ɗora 'yar ribarsa, ya lashi bakin fensir, ya rubuta farashi a gindin kowane kwali. Shi ke nan, an gama magana. Ko kwalin zai shekara biyar a kanta, abin da ya rubuta shi zai karɓa.

Da can wannan bai cuci kowa ba. Sai kuɗinmu ya fara zamewa. Dala ta hau, ta huta, ta sake hawa. Sauran masu shaguna suka koma duba waya kafin su faɗi farashi, wani ma kana tsaye zai ƙara. Baba ko a jikinsa.

Ina shagon ranar da dilan ya zo da kansa ya yi masa magana.

"Baba, kwali goma ka sayar, kuɗin kuma shida za su sayo maka yau. Gobe huɗu. Ina ribar take?"

"Na ci ribata tun ranar da na rubuta."

"To ka goge ka sake mana! Kowa haka yake yi."

"Allurar nan tana kwance a kantata, ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta sake hawa jirgi ba. Me ta yi da zan ƙara mata kuɗi?"

Dilan ya dube ni ko zan sa baki. Na sunkuyar da kai ina zaɓen bel.

Ga abin da har yau yake cina. Faɗuwar kuɗin nan mu teloli ta yi mana rana. Ɗinkinmu ya yi wa 'yan kasuwar ƙetare araha, suka riƙa zuwa suna kwasar riguna dila-dila. Muka ƙara kekuna, muka ɗauki ma'aikata, rediyo na ta cewa tattalin arziki na bunƙasa. Mu muna ƙara kuɗin ɗinki duk wata, sannan mu tsallaka titi mu sayi allura a farashin bara. Dukanmu mun san lissafin da dilan ya yi. Sai dai mu ce, "Kai, Baba mutumin kirki ne," mu ƙara kwali biyu mu ajiye.

Kantocin ba su taɓa nuna alamar ramewa ba, shi ya sa muka samu hanyar yaudarar kanmu. Ashe kwalayen da suka ƙare yake mayarwa ya jera.

Na gane haka ne wata safiya da kwarkwarona ya tsage, ga aikin riguna sittin a gabana. Na shiga na gaishe shi, na miƙa hannu na ɗauko kwali da kaina. Fayau. Na taɓa na kusa da shi, shi ma iska ce a ciki. Baba ya taso. Ya hau kujera da ƙyar, ya lalubo wani daga can sama, ya hure ƙurar, ya juya gindinsa ya karanta mini farashin. Ko kuɗin mota zuwa wurin dila bai kai ba.

"Baba, wannan ne na ƙarshe?"

"Shi ne, 'yata. Ke Allah ya ajiye wa."

Kunya ta rufe ni. Na ƙirgo kuɗinsa na yau, kamar yadda ake sayarwa ko'ina, na ajiye a kan tebur.

"Don Allah ka riƙe duka. Ko sau ɗaya ka goge."

Ya zaro fensirin daga kunnensa ya nuna mini. Ya gajarce, duk tabon haƙori, amma robar gogewar da ke kansa sabuwa fil.

"Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ta ba. Yau da ya rage kwali ɗaya zan fara?"

Ya ware abin da ke rubuce, ya turo mini sauran. Na so in bar su a nan in fice da gudu. Amma na san zai biyo ni har shago da su a gaban mutane, kuma gaskiya, zaren ma ya yi tsada a satin.

Na karɓi canjin.