Haruffa Uku a Gefen Jarka

Gombe

Mun tashi daga gidanmu na Bolari ranar Litinin da ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba. Mu biyu ne a motar, ni da ɗana na fari. Ba na kama sunansa, Akawu nake ce masa, don aikin da yake yi ke nan a ofishin auduga. Magana ma ba ta cika haɗa mu ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi da 'ya'yan fari, in ina da saƙo ƙanwarsa nake aikawa.

Motar sabuwa ce, wata uku da saye, amma tun ranar Juma'a ta kama ciwo. In an tayar da ita sai ta yi ta karkarwa, in an taka ta cije, ta yi tari, bututun hayaƙinta ya buga kamar bindiga. Bakaniken unguwa ya ce a kawo ya duba, Akawu ya ƙi. Ya ce akwai takardar garanti, duk abin da ya lalace cikin shekara, in dai daga wajen ƙira ne, kamfanin da ya sayar zai gyara kyauta, amma da zarar wani hannu ya taɓa injin, takardar ta mutu. Garejin kamfanin yana Bauci, mil casa'in da bakwai. Ni kuma ƙanwata Hajara ta haihu a can ban je barka ba, shi ya sa na shiga.

A gidan mai galan uku kawai aka ba mu, don ana cikin ƙarancin fetur. Da muka fita gari sai motar ta ɗan sami sauƙi, tarin ya ragu. Akawu ya ce wa gilashin gabansa, "Ta ji za a kai ta asibiti."

Bara

Ƙarfe bakwai da kwata muka tsaya a Bara. Na sauka na sayi ƙosai na kwabo biyar. Ina dawowa na tarar Akawu ya buɗe bayan mota ya ɗauko jarka yana juye ta a tanki, yana jan hanci saboda murar da ta toshe shi mako guda. Na dubi jarkar. A jikinta an rubuta MAN FIT da farin fenti, manyan haruffa, F ɗin ya karkace. Rubutuna ne.

'Yan'uwana na ajin yaƙi da jahilci, kun san yadda muke tun da aka ba mu takardar shaida, ba abin da ba mu rubuta wa suna ba a gida. Makon da ya wuce garwar kananzir ɗina ta fara yoyo. Na ga jarkar Akawu a zaure babu komai a ciki, na juye kananzir ɗin, na ce bari in rubuta don kada wani ya rikice. MAN FITILA na nufa. Amma na fara da haruffa ƙatta, wuri ya ƙare, sai na zagaya na ƙarasa ILA a gefe, ƙanana. Na jingina ta da bango na koma ciki ina jin daɗin kaina.

"Allah ya saka wa Garba," in ji Akawu yana rufe tankin. "Ba don jarkar nan da ya cika mini ba, da yau a hanya za mu kwana."

Garba maƙwabcinmu ne, yana zuba mai a gidan man tasha, 'ya'yansa biyar. Ashe Akawu ya ce masa ya ɗauki jarkar a zaure ya cika in mai ya zo. Da Akawu ya gan ta da nauyi, ga rubutu, ya ɗauka man fitur ne Garba ya kawo, ya zuba rabi ranar Juma'a. Sauran rabin ke nan ya shiga a gaban idona.

Na buɗe baki. Ƙosai na miƙa masa.

Alkaleri zuwa Bauci

Ba mu yi mil biyu ba ciwon ya dawo fiye da dā. Motar ta riƙa fizga tana sakewa, farin hayaƙi na bin mu. Warin kuwa na san shi, shi nake shaƙa kullum magariba in na kunna aci-bal-bal.

Kafin Alkaleri 'yan sanda sun sa shinge. Wani kofur ya duba takardu, ya saurari injin, ya ce, "Ranka ya daɗe, amarya sabuwa da tarin tsohuwa?"

"Wurin iyayenta zan mai da ita," in ji Akawu.

Kofur ya leƙo ya ce, "Mama, a yi mata addu'a." Na ce to, na ja mayafi.

Bayan gadar Dindima akwai hawa. A giya ɗaya muka hau shi, manyan motocin gyaɗa suna wuce mu. Sau uku na shirya maganar a raina, sau uku ta koma. Uwa ba ta saba ce wa ɗan fari sannu ba, balle ta ce na ɓata maka mota. Mun shiga Bauci ƙarfe sha biyu saura kwata, tafiyar da ake yi cikin awa biyu da rabi. A gareji aka ce layi ya cika, mu dawo gobe. Muka sauka gidan Hajara. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe, na ɗauki jaririya na sa mata albarka, amma loma uku na iya ci.

Garejin kamfani

Talata ƙarfe takwas muna can. Akawu ya ce in zauna gida, na ce ina son ganin gari. Aka ba ni benci a inuwar rumfa.

Babban bakaniken wani dattijo ne, Malam Bitrus, mutumin Kaltungo. Ya sa aka tayar da motar ya tsaya yana saurare, kansa a karkace. Sannan ya riƙa zare wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Ya ce in da silinda ɗaya ce ba ta cin wuta, da ya gane ta, amma wannan duka huɗun ne ke tuntuɓe. Ya kwance filogogin, ga su baƙi ƙirin, a jiƙe. Ya sa sababbi, ya duba kontak, ya gwada wuta ya ga tana zuwa shuɗiya.

"Wuta ba ta da laifi," in ji shi. "Saura abinci."

"Ai injin ne," in ji Akawu, muryarsa ta fara hawa. "Ku canza mini shi. Ga takardarku, hannu bai taɓa shi ba."

"Yi haƙuri, ɗana. Kowa da ya zo nan injin yake so."

Ya kwance bututun da ke kai mai kafireto, ya tara a gwangwani, ya sunsuna. Ya yago farar takarda ya ɗiga a kai, ya ɗiga fetur na garejinsu a gefe, ya ɗaga ta a iska. Nasu ya bushe bai bar komai ba. Namu ya zauna, tabon maiƙo kamar an naɗe ƙosai.

"Kananzir ne. Motarka lafiyarta lau, fitila kuka mai da ita. Garanti ba ya ɗaukar wannan."

Akawu ya ce, "Garba." Ya ce mutumin da suka tashi tare shi zai cuce shi. Ya roƙi Malam Bitrus ya rubuta masa shaida da hatimin kamfani, ya kai wa mai gidan man, a kori Garba daga aiki kafin Juma'a. Dattijon ya ce wannan kam zai rubuta, don masu haɗa mai sun ishe su. Ya ciro biro daga aljihu.

Na tashi. Ban iya duban Akawu ba, dattijon na yi wa magana.

"Malam, don Allah a ɗauko jarkar nan ta bayan mota."

Aka ɗauko. Na sa hannu na juya ta, gefen ya fito.

Malam Bitrus ya gyara tabarau ya karanta a hankali, "Man fit... ila." Ya dube ni. "Wa ya rubuta, Mama?"

"Ni ce. Kananzir ɗin ma nawa ne. Garba bai taɓa ta ba."

Wasu daga cikin masu aiki suka juya baya, kafaɗunsu na rawa. Akawu ya sunkuyar da kai. Can ya ce, ba da ƙarfi ba, "Dada, tun yaushe kika sani?"

"Tun Bara."

Bai ƙara ba. Da ma ya yi faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Malam Bitrus ya mayar da bironsa. Ya ce, "Rubutun dai daidai yake, ba harafin da ya ɓace. Jarkar ce ta yi kaɗan." Ya sa aka zubar da tanki, aka wanke kafireto, aka zuba mai tsabta. Ya gaya wa Akawu wannan aikin nasa ne ya biya, amma takardar garanti tana nan da ranta tunda a hannunsu aka buɗe injin. Ƙarfe sha ɗaya aka tayar, sai ga ta tana gurnani a hankali kamar mage.

Komawa

Mun bar Bauci ƙarfe biyu, bayan azahar. Ba tari, ba hayaƙi, ba kuma magana. Sai da muka wuce Alkaleri Akawu ya ce, idonsa a kan hanya, "Da na kai takardar nan, ban san da wane ido zan dubi 'ya'yansa ba." Na ce, "Ni ma." Iyakar hirarmu ke nan, kuma ta fi duk wadda muka yi a bana tsawo.

Ƙarfe huɗu da rabi muka tsaya a ƙofar gida. Garba na zaune a dakalinsa. Ya taso da murmushi yana mana barka da hanya, ya shafa motar ya ce ai ta warke.

"Me suka ce ya same ta?"

Akawu ya fara cewa wani ɗan datti ne a tanki. Na ce a'a. Na tsaya nan bakin zaure na gaya wa Garba komai, har da takardar da aka kusa rubutawa da daren da na kwana da maganar a bakina. Ya daina murmushi. Ya ce, "Ba komai, Dada," ya koma dakalinsa, amma har muka shiga bai sake ɗago kai ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hajara da saukar da ta yi mana, da Malam Bitrus da ya rufa mini asiri da wasa. Garba kuwa yana nan a bakin aikinsa, muna gaisawa, kuma har yau ni nake fara sunkuyar da kai.