Zanzana a Fuskar Wata

Shekarar da masu awon hanya suka sauka Jibiya, ina sayar da fura a bakin iyaka, gindin wata tsamiya kusa da rumfar kwastan. Turawa ba su tafi ba tukuna. Bazara ce, fataken da ke fitowa daga Maraɗi suna ta raɗe-raɗin cewa 'yan rani sun shiga ƙauyukan can. Ba mai cewa agana da ƙarfi, kada ta ji sunanta.

Masu lambar rigakafi suka kafa teburi a iyaka, duk yaron da zai ƙetare sai an tsaga masa dantse. Inna, uwar mijina, za ta je suna a can washegari, da ɗiyata da ɗiyar ƙanwar mijina, sai aka yi wa yaran biyu da la'asar. Mu mata muna da dabararmu. Da an bar wurin sai a goge tsagar da lemun tsami da toka, don kada hannu ya kumbura yaro ya kwana yana kuka. Inna ta tafi neman lemu, ta bar mini ɗiyata.

Wata ya riga ya fito, rana ba ta faɗi ba. Malamin awo, wani Bakatsine mai sayen furata, ya juya madubinsa mai ƙafa uku sama, mutane suna leƙawa.

"Mai fura, zo ki ga inda ba a biyan kwastan," in ji shi.

"Ni ba yarinya ba ce, Malam."

"Watan ma ba yaro ba ne. Zo."

Na kanne ido ɗaya na leƙa. Watan da na sani sumul kamar ƙwai, ashe ba haka yake ba. Baƙin nan da muke gani shimfiɗe yake kamar fadamar da aka ƙone. Farin kuwa tuddai ne da duwatsu. Sai ramuka, manya da ƙanana, wani cikin wani, kowanne da tudun baki da inuwa a ciki. Wajen da haske ya ƙare sun fi yawa, ba wurin sa yatsa.

"Malam, wa ya yi masa wannan?"

Ya ce ba ciwo ba ne, ƙasa ce busasshiya. Turawa teku suke kiran baƙin, amma ko ɗigon ruwa babu, ramukan kuma su ma gardama suke kan abin da ya haƙa su. Na ji shi. Amma ni na taɓa wanke gawar yayata da agana ta ɗauke, na san wannan fuskar.

Inna ta dawo, ta riga ta goge wa ɗayar. Ta miƙo hannu.

"Kawo ta, 'yar nan, kafin abin ya shiga jini."

"A bar shi ya shiga, Inna."

"Ke kika haifi ubanta ko ni?"

"Ke ce. Amma ba za a goge ba."

Ta zubar da tokar a gabana, ta ce idan hannun ya ruɓe kada in kira ta. Na ɗaure dantsen da gefen zanena, da safe ma sai da na duba ɗaurin kafin su hau jaki.

Da suka dawo hannun ɗiyata ya kumbura, tana zazzaɓi, Inna ba ta amsa gaisuwata. Ɗayar tana ta tsalle a tsakar gida. Ba a jima ba sai ita ɗayar ta kwanta da ciwon baya, ƙuraje suka feso mata tun daga goshi. Aka kai ta bukka bayan gari. Ta tashi, amma ido ɗaya ya tafi, fuskar kuma ta zama abin da na gani a madubi.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba har ta rasu, ni ma haka. Ɗiyata tabo ɗaya ta samu, kamar ƙwayar gujiya. Har gobe jikan da aka kawo mini, kafin in tambayi sunansa dantsensa nake fara juyawa.