I'itikafin Ma'aji da Kuɗin Takin Damina

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga Alhaji Ubale, da girmansa da tumbinsa, yana sheƙa gudu tsakar rana da azumi a bakinsa ba. A azumin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur ne, shekarar da kuɗin mota daga Minjibir zuwa birni ya sa mutane suka koma aika gaisuwa ta waya. Ku da kuka karɓi aikin ƙungiyar nan daga hannunmu, ku gyara zama, domin labarin gudun nan shi ne asalin dokokin da kuka tarar.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ƙungiyar manoman ƙauyenmu abu ɗaya ta sa a gaba, wato taki. Ƙasarmu gona a jikin gona take, babu wadda ake bari ta huta, saboda haka wanda bai zuba taki ba kara zai girbe. Da kaka kowa yakan kawo abin da ya sawwaƙa, a haɗa a kai banki, in damina ta matso a sayo taki a sari a raba. Masu riƙon amana uku ne. Alhaji Ubale shi ne shugaba, ɗan kasuwa ne, jikan Barebari da suka daɗe da zama a nan. Malam Isiyaku shi ne ma'aji, Bafillace, dattijo mai makarantar allo, wanda a gabansa na koyi ajamin da nake rubuta bayanan taro da shi. Ni kuma magatakarda. Dokarmu ita ce ko kwabo ba ya motsi sai mu ukun mun sa hannu. Tsakanin shugaba da ma'aji kuwa akwai wasan Barebari da Fulani, ba sa haɗuwa sai wani ya kira wani bawansa.

A kakar da ta gabaci azumin nan muka lura kuɗinmu na ramewa a banki kamar akuyar da aka ɗaure ba dusa. Abin da zai sayi buhu yau, wata mai zuwa sai an yi masa ciko. Da muna da sito da tun a lokacin mun sayi takin mun ajiye, to iska ta kwashe rufinsa tun bara, ba a gyara ba. Aka kira taro. Alhaji Ubale ya ce a sayi gero a ɓoye sai bazara. Malam ya ce ba da hannunsa za a kulle abinci maƙwabta na kwana da yunwa ba. Wani ya ce shanu, aka tuna masa ɓarayi da tsadar harawa. Wani ya ce fili a Bacirawa, aka ce fili ba ya sayuwa ranar da kake so.

Sai aka tuna da Hajiya Bilkisu, 'yar garin nan ce da ke aure a Rijiyar Zaki, tana aiki a wani kamfanin dillancin hannun jari mai lasisi a birni. Ta zo ran Asabar, muka zauna da ita a gindin dalbejiyar ƙofar sito. Ta ce, "Iyayena, kun san watanda, inda mutane ke haɗa kuɗi su sayi sa. To hannun jari haka yake, sai dai wannan san ba yanka shi ake yi ba, aiki yake muku, ƙarshen shekara a raba abin da ya samo. In ka gaji ka sayar da rabonka."

Malam ya ce, "'Yata, san nan me yake ci?"

Ta yi dariya, ta gane nufinsa. Ta ce za ta tsame mana duk kamfanin da ke harkar kuɗin ruwa ko giya. Ta zaɓo uku: na manja, na fulawa, da na siminti. Sannan ta yi mana gargaɗi har sau biyu, cewa farashi yana hawa yana kuma sauka, kuma kuɗin da ake bukata nan kusa ba a so a zuba shi duka. Wallahi mun ji ta, amma kunnenmu hawan ya riƙe. Muka sa hannu mu uku, muka zuba kuɗin duka.

Kai, watannin farko an sha daɗi! Hajiya ta saka wa Alhaji Ubale wata manhaja a waya da ke nuna farashi, in ya hau rubutun ya yi kore, in ya sauka ya yi ja. Kullum bayan la'asar shagonsa cike yake da mutane kamar ana rabon zakka. Gaisuwa ma ta sake a garin nan, in ka ce wa mutum ina wuni sai ya ce, "Lafiya lau, kore ne ko ja?" Tasalla mai ƙuli-ƙuli, wadda ke noma gonar marayunta da kanta, ranar da aka ce mata kuɗinta ya haihu sai da ta rangaɗa guɗa a bakin titi. Alhaji Ubale kuwa har tafiyarsa ta canja. Yakan ce wa Malam, "Bawana, ka ga abin da ake kira kiwo, ba bin saniya daji da sanda ba." Malam ya ce, "Babarbare, kiwon da ba ka jin warin garkensa, ka dai riƙa addu'a."

Azumi ya kama, aka shiga goman ƙarshe. Kamar yadda ya saba duk shekara, Malam ya bar wayarsa a gida, ya ɗauki buzunsa da butarsa da Alƙur'aninsa ya shiga i'itikafi a masallacin Juma'a. Wanda ya shiga i'itikafi ya yanke hulɗar duniya ke nan sai an ga wata, ba ya fita sai don lalurar da ba makawa, ba ya saye ba ya sayarwa. Babu wanda ya kawo komai a ransa, har ni da ke riƙe da dokar hannu uku.

Bai daɗe da shiga ba waya ta yi ja. Washegari ta ƙara ja. Kafin a ce haka ribar da muke taƙama da ita ta narke, abin ya soma cin uwar kuɗi. Ga gajimare ya fara leƙowa ta gabas, ga masu taki a birni suna ƙara kuɗi. Shagon Alhaji ya sake cika, amma wannan karon ba mai dariya. Tasalla ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, ni ban san kore ban san ja ba. Buhuna nake so ranar da ruwa ya sauka."

Muka buga wa Hajiya Bilkisu. Alhaji ya ce, "Sayar! Sayar da komai yau ɗin nan!"

Ta ce, "Baba Alhaji, ni ba zan ce muku zai tashi ba, ba kuma zan ce zai ci gaba da faɗuwa ba, Allah kaɗai Ya sani. Amma ko na so, ba ni da ikon sayar da ko ɗaya sai na ga hannu uku, sannan na ji muryar kowannenku. Ku kuka kafa sharaɗin."

A nan ne Alhaji Ubale ya tattare babbar riga ya zura da gudu. Na bi shi da takardar umarnin sayarwa a hannu, ina cewa, "Alhaji, a hankali, azumi ake!" Yara suka ɗauka gobara ce.

Muka tarar da Malam a kusurwar masallaci yana tilawa. Alhaji ya durƙusa yana haki, ya soma raɗa masa: kasuwa ta faɗi, kuɗin taki na tafiya, hannu kawai zai sa. Malam ya ɗaga ido ya ce, "Babarbare, duba sama da ƙasa, ka ga rumfa a nan?" Wani mai i'itikafi da ke gefe ya ji ana zancen ciniki, ya buɗe baki zai yi addu'ar nan da aka koyar a yi wa mai saye da sayarwa a masallaci, ta rashin riba. Malam ya yi wuf ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Kul! Akwai haƙƙin marayu a ciki." Sannan ya mai da kansa ga karatunsa. Muka fito.

Alhaji bai haƙura ba. Ya ce ai wurin alwala ba masallaci ba ne, ya je ya tsare bakin rijiya. Can wajen la'asar Malam ya fito da butarsa. Alhaji ya tare shi da takarda da biro. Malam ya ce, "Abin da ya fito da ni shi zan yi in koma. Ka yi haƙuri sai an ga wata."

A nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Ga yunwa, ga rana, ga tsoro. Alhaji Ubale ya ɗaga murya a gaban masu alwala ya ce, "Ka shige masallaci kana tara lada da takin mutane! Ai dama wanda sadaka ta rena bai san zafin nema ba!"

Wannan ba wasan Barebari da Fulani ba ne, kowa ya sani. Malam ya gama abin da zai yi ya koma ciki.

Da muka kama hanya Alhaji ya ce mini ai na san hannun malamina kamar nawa, in rubuta sunansa kawai. Na ce, "Alhaji, hannun da ya kama nawa ya koya mini alif, shi zan sata? Ko na yi ma, muryarsa fa?" Bai sake tayar da maganar ba. Sauran kwanakin muka yi su ido a kan waya, yau ja, gobe ja mai sauƙi, mutane na wuce mu ba gaisuwa.

Aka ga wata, aka yi Idi, kasuwar hannun jari ta tafi hutun Salla. Ranar da ta buɗe, da hantsi, sai ga Malam a ƙofar sito da alƙalaminsa a aljihu. Ya ce, "Magatakarda, ina takardar? Yanzu na fito kasuwa." Muka kira Hajiya. Tun kafin mu gama gaisuwa ta ce, "Iyayena, kun duba waya yau?" Alhaji ya laluba aljihu ya zaro waya. Kore! Ashe kamfanin manja da na fulawa sun sanar da ribar da za su raba wa masu hannun jari, masu saye sun dawo a guje. Alhaji ya miƙe ya zauna, ya sake miƙewa, yana ta kabbara. Kafin azahar labari ya zaga gari, aka cika gindin dalbejiya, kowa na son ya ga koren da idonsa.

Hajiya ta ba da shawara mu sayar kashi-kashi, kada mu zuba gaba ɗaya. Haka muka yi da biyun. Na siminti bai farfaɗo ba, muka bar shi har ya kai wata shekarar. Kada in yi muku ƙari: ba mu yi arziki ba. Kuɗin taki ma ya hau a tsakanin. Amma abin da ya shigo ya ishi kowa buhunan da ya sa rai, har da Tasalla, abin da ba zai yiwu ba da mun sayar ranar gudun nan.

Nan da nan mutane suka fara cewa Malam ya hango abin ne a i'itikafi. Da ya ji ya tara su ya ce, "Ku ji tsoron Allah, kada ku mai da ni boka. Ban san kasuwa ba. Da kuɗin ya faɗi warwas ma ba zan fito ba, kuma da yanzu jifana kuke yi."

Maganar nan ita ce darasin aikin. Ba wayonmu ya fisshe mu ba, Allah ne Ya rufa asiri. Shi ya sa muka gyara rufin sito, yanzu taki ana sayensa tun kaka, rarar da ba a bukata kusa ita kaɗai ke shiga hannun jari. Shi ya sa kuma ma'aji ke naɗa wakili a rubuce kafin ya shiga i'itikafi ko ya tafi Hajji. Na kuma gane cewa a wannan sana'a, kasuwa in ta faɗi takan tashi, amma maganar da tsoro ya fitar daga bakin mutum ba ta komawa da kanta.

Tun bayan Salla Alhaji da Malam gaisuwar mutunci suke yi, "Barka da asuba, Alhaji", "Barka kadai, Malam." Ga abokan wasa babu gaba da ta fi wannan. Ranar rabon taki, ina kiran sunaye, da na zo kan Malam Isiyaku sai Alhaji ya ce in dakata. Ya sauko daga kan benci, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gaban Malam, jama'a na kallo.

Ya ce, "Malam, a gaban mutane na ci bashin mutuncinka, a gabansu zan biya. Abin da na faɗa ƙarya ne, tsoro ne ya sa ni. Ka yafe mini don Allah."

Malam ya dube shi. Ya ce, "Na yafe tun ruwan alwalar bai bushe ba." Sai gefen bakinsa ya motsa. "Amma a gidanmu bawa ba ya tuba da baki. Ga buhu can, ga gonata can."

Dariya ta ɓarke. Alhaji Ubale ya cire hula, ya ce a aza masa. Ya ɗauki buhun nan a ka yana tangaɗi, Malam na biye da shi da sanda a kafaɗa yana cewa, "Hankali da kayan ubangidanka, Babarbare!"

Alhaji ya amsa daga ƙarƙashin buhu, "Wallahi Bafillace, in na sauke wannan mun rabu ba bashi!"

Malam ya ce, "Na shaida. Yi gaba."