Eriyar Lamba Ɗaya

Lamba Ɗaya ake ce masa, ba don ya taɓa zuwa na ɗaya a wani abu ba. Shekara ashirin da takwas ya yi yana tsaron sito a kamfanin sabulu, yana buɗe ƙofa da safe yana rufewa da yamma, har ya yi ritaya ko kujera ba a sauya masa ba. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk shagon da ya shiga, kafin a gama gaisawa zai ce, "Ba ni lamba ɗaya." Ba ruwansa da aikin abu, ko zai dace da gidansa. Shi dai a ba shi mafi girma, wanda in ya ɗauko sai mutanen layi sun waiwayo. Haka ya sayo kwaɗon da ya fi ƙarfin ƙofarsa har ta karkace. Haka ya sayo fankar da in an kunna ta sai a koma hira da ihu. Duk wanda ya yi magana, ya ce baƙin ciki ne.

Matarsa kuwa a asibitin unguwa take aiki, ɗakin awon jarirai, shi ya sa kowa ke ce mata Maman Sikeli. Rabin mutanen layin nan ta taɓa ɗora su a kan sikeli tsirara suna tsala ihu. Shekara talatin tana wannan aiki ba wanda ya ce mata sannu a bainar jama'a, sai wata rana 'yan gidan talabijin suka zo da kyamara suka ɗauke ta tana aiki, suka yi mata tambayoyi. Suka ce za a nuna ranar Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, minti biyar, sau ɗaya. Ta dawo gida tana ta murmushi ita kaɗai. Ba ta taɓa ganin kanta tana motsi tana magana ba, kuma ta ƙagu ta gani.

Talabijin ɗinsu ba shi da laifi. Wata 'yar eriya ce gare shi mai ƙaho biyu a bakin taga, ɗaya ƙahon ya lanƙwashe an ɗaure shi da zare, amma hoto fes yake fitowa. To, me zai hana? Dogon ƙarfen da tashar ke watsa shiri da shi ga shi can bayan makarantar firamare, in ka fito shanya kana hango shi.

Amma Lamba Ɗaya ya riga ya gayyato abokansa na kamfani su zo kallo, kuma ya ce ba za a shigo falonsa a tarar da wannan ƙazantar a taga ba.

"Baban yara, ka bar ta zuwa Asabar ɗin ta wuce mana," in ji matar. "Bayan nan ka sayo ko wace iri kake so."

"Ke sikeli kika sani," ya ce. Washegari mai sayen tsohon ƙarfe ya wuce da kurarsa, Lamba Ɗaya ya miƙa masa eriyar kyauta.

Mai shagon kayan lantarki dattijo ne mai gaskiya, abin da ya ja masa ke nan. Da Lamba Ɗaya ya je sayen sabuwar eriya, dattijon ya tambaye shi ina gidan yake, da ya ji sai ya sauko da wata 'yar eriya ta cikin ɗaki, ba ta fi faranti ba.

"Wannan ta ishe ka, yallaɓai. Kai da tasha ai maƙwabta ne."

Lamba Ɗaya ya dube ta ya yi tsaki. Idonsa na kan wata da aka rataye a silin, mai haƙarƙari goma sha takwas, da injin juya ta daga cikin ɗaki, da busta, wato ɗan akwatin da ke ƙara wa sigina ƙarfi.

"Waccan ta mutanen ƙauye ce, masu nisa da tasha," in ji dattijon. "In ka sa ta a gidanka da busta, siginar za ta yi wa talabijin yawa, hoton ya hargitse. Kamar a yi maka ihu ne a cikin kunne. In ka nace, to kar ka jona bustar."

"Malam, sayarwa kake yi ko wa'azi? Ka dube ni ka ga ban kai in riƙe waccan ba?"

Dattijon ya ɗauko tsani.

Da ƙafa ya kawo ta gida, a kafaɗa, ta hanyar da ta fi tsawo. Ranar Juma'a ya hau rufi da kansa ya kafa ta a kan bututu mai tsawon mutum uku. Da ya sauko ya kunna, sai ga wata tasha ta can wata ƙasa, hoto dishi-dishi, mutane suna yaren da ba wanda ya taɓa ji. Murna kamar ta kashe shi. Awa biyu ya yi yana kallon su yana gyaɗa kai.

"Ka duba tamu tashar mana," in ji matar.

"Wadda ta jawo ƙasar waje, ta bayan gida ce za ta gagare ta?"

Bai duba ba.

Ranar Asabar baƙi shida suka cika falo. Kowanne sai da aka fita da shi waje ya ɗaga kai ya yaba. Maman Sikeli ta ajiye musu lemo da biskit, ta sa sabbin kayanta kamar mai zuwa unguwa, ta zauna a gefen kujera da hannuwa a cinya. Huɗu saura minti biyar ya murɗa zuwa tashar gida. Hoton ya fito layi-layi yana birgima, murya kuma sai shuuu.

Ya danna injin juyawa, eriya ta yi gabas ta yi yamma, ba sauyi. Wani daga cikin baƙin ya ce a cire wannan akwati mai jar wuta a gani.

"Wannan ai shi ne zuciyar abin," in ji Lamba Ɗaya, gumi na bin wuyansa.

Wani ya ce a ruga shagon tela da ke jikin katangarsu, tun da shi guntuwar waya kawai ya maƙala a ƙusa a madadin eriya kuma yana kallo lafiya lau. Matar ta miƙe tsam da mayafi a hannu.

"Iyalina ba sa zuwa kallon talabijin a gidan wani," ya ce da ƙarfi, don baƙi su ji. "Minti ɗaya, yanzu zan gyara."

Ta dubi baƙin, ta dube shi, ta koma ta zauna. Ba ta taɓa kunyata shi a gaban mutane ba, shi kuma da wannan ya daɗe yana cin kasuwarsa.

Yana kan rufi rungume da bututu, yana ƙwala tambaya "Ya yi?" ana amsa masa "Bai yi ba!", sai ya ji muryarta. Daga shagon tela take fitowa, daga gidan direba, daga kantin mai magani a tsallaken titi. Layin gaba ɗaya matarsa ce ke bayanin yadda ake riƙe kan jariri. Wata mata ta yi shewa a wani gida. Kafin ya gama laluben matakin tsani da ƙafa, an sa kiɗan rufe shiri.

Baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya, ko lemon ba su shanye ba. Shi kuwa ya bi su har ƙofa yana cewa laifin injiniyoyin tasha ne, kuma zai rubuta musu takarda mai zafi.

Da ya dawo tsakar gida ya tarar matar tela ta shigo taya murna, tana haki.

"Maman Sikeli, wallahi kin fito! Sai da na yi kuka. Ke ba ki ga kanki ba?"

"Ban gani ba," ta ce. "Yaya na zauna? Hannuna bai yi rawa ba?"

"Ko kaɗan. Kin ga, haka kika yi."

Matar tela ta jawo kujerar tsugunno ta zauna, ta gyara mayafi, ta tallafo jaririn da babu shi, ta karkata kai tana kwaikwayon muryarta. Maman Sikeli ta durƙusa a gabanta ta zuba mata ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Lamba Ɗaya ya yi gyaran murya, ya ce gobe zai ƙara wa bututun tsawo. Ba wadda ta waiwayo.

"Sake yi mini daga farko," in ji matarsa. "A hankali."