Duna da Buzun Baba

Shekarar da aka fara shari'a aka rufe gidan kallon bidiyo na unguwarmu, sai na rasa inda zan sa kaina. Makaranta dama tun aji biyu na sakandare muka yi hannun riga. An kai ni wajen tela, na yi kwana tara. An kai ni wajen mai faci, na yi huɗu. Baba yakan ce ni ko zaman tahiya da ƙyar nake kai shi ƙarshe.

Ina cikin gantalin nan na ga 'yan kwikwiyo a bayan shagon wani Ibo mai sayar da kayan babur, wanda duk muke kira Oga. Na zaɓi wani baƙi wuluk mai faɗin tafin ƙafa.

"Ɗauka," in ji Oga, "amma in babanka ya kore ka, ba ruwan Oga."

Na sa shi a kwali na shiga gida. Inna tana tankaɗe, ta miƙo wuya.

"Kai, me ke motsi a ciki?"

"Mai gadin awakinki ne, Inna."

"Wannan? Ai kazata ma ta girme shi."

A lokacin kowa ya zama malami a gari, amma babu kamar Baffa, ƙanin Baba. Kafin la'asar ya iso, ya ce mala'iku ba sa shiga gida mai kare. Baba ya ce na gadin dabbobi ai an yi rangwame. Sannan ya juyo kaina.

"Na ba ka sati uku ka koya masa hankali. Ba shi ba buta, ba shi ba kwano. Ranar da bakinsa ya taɓa buzuna kuwa, ranar zai bar gidan nan."

Buzun nan fatar rago ce, a kanta Baba yake nafila da lazimi, in ya gama ya naɗe ya jingine a rumfa.

Na sa masa suna Duna, muka fara karatu da ƙuli-ƙuli. In na ce "zauna" sai in danna masa gindi, in ba shi ɗan ɓalli. Kwana uku ni kaɗai nake zama, shi yana cin igiyar takalmina. Rana ta huɗu ya zauna da kansa, na yi ihun da sai da Inna ta zubar da gari. Na riƙa kai shi turken awaki yana shinshina su, ina tara yaran maƙwabta suna shafa shi don kada ya tashi da cizo. Maganar kaji kuwa ba ni na koya masa ba. Ya bi 'yan tsaki sau ɗaya, uwarsu ta sare shi a hanci, daga ranar in ya hango ta sai ya canja hanya kamar ya ga 'yan hisba.

Buta da kwano ba su ba ni wahala ba. Buzu ne bala'in. Ƙanshin rago yake ji, duk inda aka ajiye sai ka ga hancinsa ya nufi can.

Sai na yi dabara. Da Baba ya tafi gona, in ɗauko buzun in shimfiɗa a tsakar gida, in ce "tafi", in ja Duna zuwa gindin darbejiya, in zaunar da shi, in ba shi ƙuli. In naɗe, in sake shimfiɗawa. Haka muke wuni. Kafin kwana goma, buzu na taɓa ƙasa Duna ya zura da gudu gindin bishiya ya ƙame. Baba ya gani da idonsa ran nan, ya yi gyaran murya. A gidanmu wannan lambar yabo ce.

Ranar da sati uku suka cika, na bi wani abokina zuwa Zango a babur, ba karatu, ba ƙuli. Na dawo bayan la'asar na tarar da Baffa ya zo jin hukunci, suna zaune da Baba a kan tabarma. Na durƙusa ina gaishe su, sai na ji wani abu yana jan ƙasa a bayana.

Duna ne. Ya gaji da jira tun safe, ya shiga rumfa, ya kamo buzun da haƙori, yana ja da baya da baya har tsakiyar gida. Ya sa ƙafa ya warware shi. Sannan ya ruga gindin darbejiya ya zauna cak, ƙirji a gaba, yana kallona yana kaɗa wutsiya, wai a biya shi.

"Innalillahi!" Baffa ya miƙe. "Yaya, ka gani ko? Har shimfiɗa maka yake yi!"

Daga madafa na jiyo Inna tana tarin da ba tari ba.

"Wa ya koya masa wannan?" in ji Baba.

Na faɗi gaskiya tun daga farko.

"Sau nawa a rana?"

"Zai kai ashirin, Baba."

"Kullum? Kai ɗin? A wuri ɗaya?"

"Eh, Baba."

Ya daɗe yana kallon karen, karen yana kallon aljihuna.

"Magana ɗaya nake yi," ya ce. "Na ce zai bar gidan nan, kuma zai bari."

Na sunkuyar da kai, ƙwalla ta cika mini ido. Baffa ya gyara hula. Sai Baba ya ci gaba.

"Gobe da safe ka mayar da shi shagon Ibon nan. Kai ma ka zauna can, zan je in yi masa magana. Shi ya yi gadi, kai ka koyi kayan babur. Wanda ya iya zama da kare sati uku, zai iya zama a shago. Ranar da ka gudo, ranar zan ba maharba shi."

Buzun kuwa, Baba ya ce wanki ɗaya ya isa, Baffa ya ce bakwai. Baffa ya tsaya a kaina yana ƙirgawa, da na kai na bakwai ya ce bai ga na uku ba. Da ya bushe ya zama kamar faifai, sai da Baba ya yi wata guda yana murza shi.

Shekara huɗu na yi a shagon nan, ban gudu ba, don duk ranar da ƙafata ta fara ƙaiƙayi sai in tuna maharba. Oga kuma har na bar wurinsa bai daina mita ba. Kullum da safe in ya shimfiɗa buhu a ƙofar shago zai jera kaya, sai Duna ya tashi a guje yana neman bishiya. Layin babu ko ɗaya, sai ya zauna gindin falwaya yana jiran ƙulinsa.